Yadda Ake Gano Matsalar Wayar da Ta Ƙi Hawa Sabis ko Ta Ƙi Kira

Waya ba ta iya kira sai turken sadarwa ya karanta sim ɗinta ya amince da ita. Wannan shi ne rajista. Kiran intanet, irin na WhatsApp, yana buƙatar ƙari a kan haka: a tabbatar da lamba, kuma data ta riƙa gudu ba yankewa. A wuri irin Betso, a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, inda duwatsu ke tare sabis kuma Kamaru ke maƙwabtaka, laifin kan kasance na sim, ko na wayar, ko na sabis ɗin kansa. Rarrabe su ne aikin farko, tun kafin a kashe ko sisi.

A fara da mai sauƙi. A kunna alamar jirgin sama, a jira minti ɗaya, a kashe, domin wayar ta sake neman turke. In ba ta hau ba, a kashe ta, a cire sim, a goge wurin mai ruwan zinariya da busasshen ƙyalle, don ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana shi karantuwa. Kada a kankare shi da reza.

Sai gwajin da ya fi kowanne amfani, wanda kuma aka fi tsallakewa: musayar sim. A sa sim ɗin a wata waya, a sa wani mai aiki a cikin wadda ake zargi. In sim ɗin ya yi aiki a can, wayar ce ke da laifi. A nan a danna *#06#. Ya kamata lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito. In ba ta fito ba, abin da kan faru da wayoyin kwance da aka taɓa musu manhaja, sai a kai wa mai gyara a cikin Mubi.

In sim ɗin ya ƙi a ko'ina, a tuna da NIN, wato lambar ɗan ƙasa. Tun Disambar 2020 aka umarci haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba, 2024. Ana duba matsayin layi ta *996#. Sau da yawa an haɗa, amma sunan da ke kan sim ya saɓa da na NIN, musamman layin da wani ya saya wa iyayensa da sunansa. Wannan ba ya gyaruwa a gida. Sai mai layin ya je ofishin kamfanin sadarwarsa da takardar NIN ɗinsa. Can ne kuma ake yin welkam bak, wato karɓar sabon sim mai lambar da, idan sim ɗin ya lalace.

A yankunan kan iyaka, waya kan kama sabis ɗin Kamaru da kanta, sai kira ya ƙi fita ko kati ya zube. A shiga saitin waya, a cire zaɓen sabis daga na kai-tsaye, a zaɓi kamfanin layin na Najeriya da hannu.

Game da kiran intanet, a duba data ta *323#, sannan a duba kwanan wata da agogon wayar, domin idan suka karkace haɗin kan ƙi. Lambar tabbatarwa ta WhatsApp mai alƙaluma 6 ta saƙo take zuwa, don haka dole sim ɗin ya kasance a kan sabis; in ta jinkirta, a nemi a turo ta ta kira, kuma kada a faɗa wa kowa ita. Murya mai kakkatsewa kuwa kan iya zuwa daga MiFi, na'urar raba data, idan mutane suka yi mata yawa. A rage masu kallon bidiyo, a ɗora na'urar kan taga ko wani wuri mai tudu.

Idan duk wayoyin unguwa suka ɗauke lokaci guda, turken ne, babu abin gyarawa a wayar. A kai ƙorafi ga kamfani ta 300, a adana lambar ƙorafin. In ba a share hawaye ba, ana kiran Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta 622, kuma kiran kyauta ne.