Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce kafar i.LINK?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: tsohuwar kyamarar bidiyona tana da kafa mai suna i.LINK, mene ne amfaninta?

To Malam, wannan ita ce FireWire, wadda kamfanin Apple ya ƙirƙiro, aka tabbatar da ita a 1995 da sunan IEEE 1394. Kamfanin Sony ne ya raɗa mata i.LINK. Tana kwashe bidiyo daga kaset zuwa kwamfuta, kuma gudunta yana iya kaiwa megabit 400 a daƙiƙa, lokacin da USB bai wuce megabit 12 ba. Yanzu Thunderbolt ta gaje ta, nau'inta na uku yana kaiwa gigabit 40 a daƙiƙa. Sabbin kwamfutoci ba sa zuwa da kafar FireWire, don haka sai ka sayi katin FireWire a sa wa kwamfutar teburinka.