Kula da Kai Ranar Salla

Ƙaramar Salla takan zo ran 1 ga watan Shawwal, bayan azumin kwana 29 ko 30. Rana ce ta murna, amma yaro mai hankali ba ya barin murna ta ruɗe shi.

Cikin da ya saba da azumi ba ya son a ɗora masa kaya gaba ɗaya. Yaron da ya bi gida biyar, ko'ina ya cika ciki da tuwo da nama, yakan kwana yana murƙususu. Kashegari 'yan'uwansa su tafi kallon hawa, su bar shi kwance. Saboda haka ku ci kaɗan-kaɗan, ku wanke hannu da sabulu, ku sha ruwa mai tsabta.

In kun je kallon hawa, ku tsaya nesa da dawaki, ku riƙe hannun ƙannenku, ku komo gida kafin magariba.

Kada kuma ku matsa wa iyayenku don rigar wani ta fi taku kyau. Hausawa suna cewa, salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Tambayoyi
1. Me ya hana yaron nan zuwa kallon hawa?
2. Mene ne ma'anar karin maganar nan?