Fuskoki Biyu na Mataimakan Aikatau a Ingilishi: Wajibci da Zato

Ɗalibin Nijar yakan fara koyon Ingilishi ne a sakandare, bayan ya riga ya saba da nahawun Faransanci. Cikin abubuwan da suka fi ba shi wuya akwai ƙananan kalmomi guda 9: *can, could, may, might, must, shall, should, will* da *would*. Ana kiran su mataimakan aikatau masu nuna yanayi, domin ba su ɗauke da aiki da kansu. Aikinsu shi ne bayyana matsayin mai magana game da aikin da ke biye da su. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa kusan kowace daga cikinsu tana da fuskoki biyu, kuma fuskokin sun fi rikita ɗalibi a wajen korewa.

Siga

Waɗannan kalmomi ba su ɗaukar ɗafa-ƙeyar *-s* a mutum na uku: *she can* ake cewa, ba *she cans* ba. Ba a sa *to* tsakaninsu da aikatau, ba su buƙatar *do* wajen tambaya ko korewa, kuma a daidaitaccen Ingilishi ba a jera biyu wuri guda. Wanda ya saba da *je pourrai* yakan ce *I will can*, alhali daidai shi ne *I will be able to*. Dalilin rashin *-s* yana cikin tarihi: a tsohon Ingilishi yawancinsu cikakkun aikatau ne waɗanda sigarsu ta yanzu ta samo asali daga sigar shuɗaɗɗen lokaci, wadda ba ta da wannan ɗafi. Asalin *can* shi ne sanin abu, asalin *shall* kuwa bashi ne da ke kan mutum.

Ma'ana

Masani F. R. Palmer, a littafinsa *Modality and the English Modals* na 1979, ya kasa ma'anoninsu gida uku: na zato, na wajibci da izini, da na iyawa. A nan za mu tsaya kan biyun farko. Mu dubi waɗannan jimloli:

1. *Students must pay before Monday.* Dole ɗalibai su biya kafin Litinin.
2. *The light is on. She must be at home.* Fitila na kunne, lalle tana gida.

A jimla ta 1 ana ɗora wa wani nauyi. A ta 2 ba a tilasta wa kowa komai ba. Mai magana ya ga alama ne ya yanke hukunci. Haka *may* take: *You may go* izini ne, wato an yarda ka tafi, amma *It may rain* zato ne, wato mai yiwuwa a yi ruwa. Faransanci ma yana da wannan harshen damo a *devoir* da *pouvoir*, shi ya sa fassara zuwa gare shi ba ta warware komai. Hausa ta fi taimako, domin galibi takan raba fuskokin da kalmomi dabam: dole, tilas da ya kamata a ɓangare guda, lalle, wataƙila da mai yiwuwa a ɗaya ɓangaren.

A fuskar zato, kalmomin suna hawa-hawa. *Must* ita ce mafi ƙarfi, sai *should*, sai *may*, sannan *might* da *could*. Akwai kuma alama mai sauƙin riƙewa: idan *have* da sigar aikatau ta uku suka biyo bayan *must*, kusan kullum zato ne. *He must have left* na nufin lalle ya riga ya tafi. Idan ana son a ce tilas ta sa ya tafi, sai a ce *He had to leave*.

Korewa

A nan ne gizo ke saƙa. Tambayar da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce: me aka kore, yanayin ko aikin?

3. *You must not take this medicine with milk.* Kada ka sha wannan magani da madara.
4. *You don't have to take this medicine with milk.* Ba dole ba ne ka sha shi da madara.

A jimla ta 3 wajibcin yana nan daram, aikin ne aka kore, sai ta zama hani. A ta 4 wajibcin ne aka ɗauke, aka bar wa mutum zaɓi. Ko da yake *must* da *have to* sun yi kusa da juna a tabbatarwa, a korewa kowace ta kama gabanta. Wannan ba batun jarrabawa kaɗai ba ne: magunguna da kayayyaki da dama da ke shigowa Maraɗi da Damagaram daga Nijeriya bayaninsu da Ingilishi yake, kuma sau da yawa ɗalibi ake miƙa wa takardar ya karanta wa gida.

A fuskar zato kuwa, kishiyar *must* a Ingilishin Biritaniya ita ce *can't*. *She can't be at home* na nufin ba zai yiwu a ce tana gida ba. *May not* kuma tana ɗaukar ma'ana biyu: *He may not come* tana iya nufin wataƙila ba zai zo ba, ko kuma ba a yarda ya zo ba. Muhallin magana ne kaɗai ke rarrabewa.

Aikin gwaji

Fassara waɗannan jimloli zuwa Hausa kai tsaye, ba tare da ratsawa ta Faransanci ba, sannan ka faɗi fuskar da kowace ta ɗauka da abin da aka kore a cikinta: *You needn't wait*, *They can't have arrived*, *Visitors may not enter*, *It might not work*. Duk jimlar da ta karɓi kada ko an hana, hani ce. Wadda ta karɓi ba dole ba ne, an ɗauke wajibci a cikinta. Wadda ta karɓi wataƙila ko ba zai yiwu ba, zato ce.