Amsoshin Tambayoyinku: Na Biya Kuɗin Gida, Sai Kuma Na Wanke Tukwane?

TAMBAYA: Ni mutumin Bagudo ne. Kwanakin baya muka tafi bikin 'yar ƙanena a Kandi, cikin Jamhuriyar Benin, mu tara har da yara. Da yake gidan biki ya cika, sai aka kama mana wani gida na kwana huɗu, akwai gadaje da firji da tukunyar gas da kwanuka, mu muke girka abincinmu. Ranar dawowa muka yi sammako, muka bar tukwane a jiƙe da shara a bayan ƙofa. Mai kula da gidan ya riƙe wani abu daga kuɗin ajiyarmu, wai ladan wanke-wanke. Uwargida ta ce laifinmu ne, ni kuwa na ce ai mun biya. Don Allah mene ne ya hau kan wanda ya kama irin wannan gida kafin ya fita? Daga wani mai karatu, Bagudo, Jihar Kebbi.

AMSA: Malam, Allah ya sa albarka a auren, ya ba ango da amarya zaman lafiya. Na ji daɗin tambayarka, don irin gidan nan sai ƙara yawa yake yi, ba a Kandi da Paraku da Kwatano kaɗai ba, har Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja, kuma ba kowa aka taɓa zaunar da shi aka yi masa bayanin ladubbansa ba. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne: wanda ya biya kuɗi ya zauna a gidan da shi ke yi wa kansa girki, a ina aikinsa ya ƙare, a ina na mai gida ya fara? Tun daga farko zan gaya maka cewa kai da uwargida kowa na da gaskiyarsa. Bari mu warware ta a hankali.

Masauki iri uku ne, kuma rikicin ya taso ne daga haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne saukar zumunci, inda ka sauka gidan ɗan'uwa ko aboki. A nan ba ka biyan komai, kuma ko ka ɗauki tsintsiya sai a karɓe, a ce baƙo ba ya shara. Addini ma ya tsayar da haƙƙin baƙunta kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida. Na biyu shi ne otal. A can kuɗin ɗaki ya haɗa da ma'aikatan da ke shigowa kullum su share, su canza zanin gado, su kwashe kwanon da ka ci abinci. Na uku shi ne wanda kuka kama, wato gida mai kaya da ake ba da haya na 'yan kwanaki. A Benin za ka ji ana ce masa "meublé" da Faransanci, ma'ana mai kayan ɗaki, a biranen Najeriya kuma ana cewa "shotlet". Shi wannan ba mai yi maka hidima a ciki. An ba ka makulli, an ba ka madafa, an bar ka da gidan kamar naka. Sauƙin da iyali ke samu a cikinsa, mutum tara a gida ɗaya da tukunyarsu maimakon ɗaki huɗu a otal da sayen abinci sau uku, ya samu ne daga cewa aikin yau da kullum ya koma hannunsu. Kun shiga masauki na uku da tunanin na biyu, abin da ya faru ke nan.

Kada ka ɗauka sabon abu ne gaba ɗaya, musamman a ƙasarku. A ƙarni na 19, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan taso daga Jega, su tsallake kogin Kwara a wajejen Illo, wadda ke cikin ƙaramar hukumarku a yau, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. A manyan zangogi akwai fatoma, wato mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ci la'ada. Falke ya san baɗi zai sake biyowa ta wannan ƙofa, kuma labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Saboda haka ba ya barin masauki a yamutse, ba ya fita ba sallama. Hanyar da kuka bi ta Ka'oje da Tsamiya da Segbana zuwa Kandi har yau haka take: mutanen gari ɗaya ke zuwa suna dawowa, kuma yadda baƙon farko ya bar gida shi ke sa a buɗe wa na biyu ko a ce masa an riga an kama.

Malamanmu ma sun yi magana a kan haya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bambanta mai haya da mai aro. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar kwano ko tufa, in ya salwanta shi zai biya. Wanda ya yi haya kuwa amintacce ne: in abu ya lalace a hannunsa ba ya biya, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta fito fili. Malamai sun ƙara da cewa wannan sassauci yana faɗuwa in an yi sakaci ko an wuce iyaka. Na san ba da Risala ake shari'ar haya a Kandi ba, amma ma'aunin yana da amfani ko'ina. Kofin da ya suɓuce ya fashe wajen wanki daban, katifar da garwashin turaren wuta ya ƙona don an ajiye kasko a kanta daban. Abin da kuma ba a faɗa ba lokacin ciniki, al'adar wurin ce ke yanke shi.

To ga ma'aunin da nake ba mutane, mai sauƙin riƙewa. Duk abin da zai yi wari, ko ya jawo ƙwari, ko ya ci gaba da cin kuɗi, ko ya jawo haɗari bayan tafiyarka, naka ne. Duk abin da dole a yi shi ko da ka bar gidan tsaf, domin baƙo na gaba, na mai gida ne.

Mu fara da madafa, tunda nan ne rigimarku ta taso. Tukwane da kwanuka da cokula a wanke su, a kife, a mayar inda aka same su. Tukunyar tuwon shinkafa da aka jiƙa da asuba, in mai shara bai zo ba sai washegari, a zafin watan Afrilu na ƙasarku, ka san abin da zai tarar. Haka firji: a kwashe komai. Mutane da yawa kan bar sauran miya ko kifi a ciki da niyyar alheri, su ce mai gadi zai ci. In wuta ta ɗauke bayan tafiyarku, alherin nan ya zama wari na mako guda. In kana son ba da sauran abinci, ka miƙa hannu da hannu. Man da ya malale a kan murhu a goge tun bai daskare ba, kuma kada a zuba sauran manja ko ruwan tuwo a cikin wurin wanke-wanke, don yana toshe bututu.

Shara a ƙulle ta a leda, a tambayi mai kula da gida inda ake kai ta. A gidajenmu an saba tara ta a bayan ƙofa sai almajiri ya zo, amma a gidan haya ba ka san ranar da za a buɗe ƙofar ba. Ƙunzugun yara musamman kada ya kwana a ciki. Banɗaki a kora ruwa, a ɗauraye ƙasa, a zubar da ruwan da ya rage a bokiti da buta saboda sauro. In an yi yanka a tsakar gida, kamar yadda akan yi a biki, jini da kayan ciki da gashi aikin wanda ya yanka ne, kuma ya kamata a ce an nemi izini tun kafin a kayar da ragon.

Sai abubuwan da ke cin kuɗi ko jawo haɗari. A rufe kan tukunyar gas daga jikinta, ba daga murhu kawai ba. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga. Ka lura da wannan sosai: a wurin da wuta ke ɗaukewa, ɗaki na iya zama shiru alhali komai a kunne yake, sai wuta ta dawo ba kowa a gida. Haka famfo: yaro ya murɗa, ruwa bai zo ba, ya tafi ya bar shi a buɗe, da dare tanki ya cika, gida ya zama tafki. Saboda haka a bi makunnai da kan famfo ɗaya bayan ɗaya da hannu, kada a dogara da ido. A rufe tagogi, a mayar da kujeru da katifun da aka jawo falo, a ƙirga makullai.

Yanzu ga naka ɓangaren gaskiyar. Wankin zannuwan gado da tawul, goge ƙasa da magani, wanke tagogi, kakkaɓe labule, duk ba aikin baƙo ba ne. Gyara ne na karɓar wani baƙo, kuma yana cikin kuɗin da ka biya. Wannan gardama ba a iyakar Benin kaɗai ake yin ta ba. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco ta Amurka a 2008 don haɗa masu gidaje da baƙi ta intanet, ya sha ƙorafin mutanen da aka caje su kuɗin shara sannan aka bar musu dogon jerin ayyuka. A Nuwamban 2022 shugaban kamfanin, Brian Chesky, ya fito ya bayyana cewa bai dace a sa baƙo cire zannuwan gado ko wanki ko share ɗakuna da inji ba, amma daidai ne a ce ya kashe fitilu, ya zubar da sauran abinci, ya kulle ƙofa. Ka ga iyakar da suka ja ba ta yi nisa da tamu ba.

Abu ɗaya zan ƙara game da zanin gado, don gidan biki ne. Lalle da rini da kwalli da man gashi suna barin tabon da wanki ba ya fitarwa. In za a yi ƙunshi, a shimfiɗa tsohon zani na gida. In kuwa ta riga ta faru, a faɗa. Ɓarnar da baƙo ya nuna da bakinsa yawanci da "ba komai" take ƙarewa, ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wadda aka kife katifa a kanta aka ɓoye, ita ke cinye kuɗin ajiya har ta haɗa da mutunci.

Shi kuma kuɗin ajiya, wanda ake ce wa "koshan" a ɓangarorin iyakar biyu, jingina ce, ba kuɗin haya ba. Naka ne har sai an nuna maka ɓarnar da aka yi. Don ya dawo lafiya, rigakafi ya fi magani. Ranar shiga ku zagaya gidan tare da mai kula da shi, ku ƙirga kwanuka, ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe ko da tabo. Ka tambaye shi abu huɗu: ƙarfe nawa ake fita, akwai kuɗin shara a cikin abin da na biya, me kuke so a yi kafin a tafi, mutum nawa aka yarda su kwana? Ka sa ya turo maka amsar ta WhatsApp don ta zama shaida. Tunda kuma iyaka kuka tsallaka, ku yanke da wane kuɗi za a mayar maka. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tana hawa tana sauka, don haka wanda ya ba da sefa ya karɓi sefa. Agogon Benin da na Najeriya ɗaya ne, ba a samun saɓani a kan lokaci.

Mu koma kan shari'arku. Tukwane da shara naku ne, a nan uwargida ta yi daidai. Amma shi ma mai kula da gidan ya kamata ya faɗa tun ranar shiga cewa barin wanke-wanke na da tara, kuma abin da zai riƙe ya yi daidai da aikin, ba ya yanka yadda ya ga dama ba. In abin da ya cire bai wuce ladan mai wanke-wanke na yini ba, ka yafe, ka ɗauke shi kuɗin makaranta. In ya yi yawa, ka bi ta hannun wanda ya kama muku gidan, a yi magana cikin mutunci, don shi ne zai ci gaba da haɗuwa da mutumin a kasuwa da masallaci.

Na lura da kalma ɗaya a wasiƙarka: sammako. Ita ce ta jawo komai. Mai son isa Tsamiya kafin rana ta take ba shi da lokacin kankare tukunya da asuba. Dabarar ita ce a rufe madafa tun daren jajibiri: a yi girkin ƙarshe da wuri, a wanke komai, a fitar da shara, da safe a sha shayi da burodi ko a sayi ƙosai a hanya. A raba wa yara aiki, wannan ya leƙa ƙarƙashin gadaje, wancan ya tattaro cajar waya da takalma. Sa'an nan a kira mai kula da gida, a zagaya tare, a miƙa masa makulli a hannu, a yi masa godiya, in da hali a ba mai shara ɗan tukuici. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa in ta tashi ba ta barin komai sai ganye a wanke.

Ka gaida uwargida, ka ce mata a wannan shari'a ita ta ɗauki kaso mafi tsoka. Allah ya kai mu bikin na gaba lafiya.