Tasha ta 16: Ladabin Magana da Rediyo a Taron Jiragen Ruwa

A watan Agusta na 1979, ƙananan jiragen ruwa 303 suka tashi daga garin Cowes na ƙasar Ingila domin tseren Fastnet. Guguwa ta rutsa da su a tsakiyar teku, mutum 15 daga cikin 'yan tseren suka rasa rayukansu. A wancan lokaci ba a wajabta wa kowane jirgi ɗaukar rediyon magana ba, sai bayan wannan masifa aka wajabta. To amma mallakar rediyo daban, iya amfani da shi daban.

Yadda yake aiki

Rediyon jirgin ruwa ɗan'uwan oba-oba ne. Mai magana yakan danna maɓalli ya yi magana, ya saki ya saurara. Muddin yana danne da maɓallin, ba zai ji kowa ba. Igiyoyin wannan rediyo, waɗanda ake kira VHF, a miƙe suke tafiya kamar haske, ba sa bin lanƙwasar duniya sai kaɗan. Saboda haka tsawon eriya ya fi ƙarfin na'ura muhimmanci. Jirage biyu da eriyar kowannensu ta kai mita 4 daga saman ruwa za su iya jin juna daga nisan kilomita 16 ko kusa da haka.

Akwai wani hali kuma. Idan mutum biyu suka yi magana lokaci guda a tasha ɗaya, muryar da ta fi ƙarfi takan danne mai rauni gaba ɗaya. A taron ɗaruruwan jirage, hirar banza daga kusa tana iya binne kukan mai nutsewa daga nesa.

Abin da doka ta tanada

Wannan ne ya sa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, mai mazauni a Janiba, ta keɓe tasha ta 16, wato megahaz 156.8, domin neman agaji da kiran farko. Dokar ɗaya ce a Cowes da Legas. Wanda ya kira abokinsa a nan, da zarar ya amsa sai su koma wata tashar. Masu shirya taro kuwa sukan sanar da tashar da za a yi harkokin taron tun kafin a tashi. Na'urar da ke kafe a jirgi tana da ƙarfin wat 25 da kuma wat 1. Na biyun ya wadatar ga jiragen da ke ganin juna. A Ingila sai jirgi ya sami lasisi daga hukumar Ofcom, mai riƙe da rediyon kuma ya ci jarrabawar shaidar ƙwarewa.

Kiran agaji

Idan rai na cikin haɗari, sai a ce "Mayday" sau uku, a faɗi sunan jirgi, da inda yake, da abin da ya same shi, da yawan mutanen da ke ciki. Idan matsalar ta gaggawa ce amma ba ta kai ga halaka ba, kamar mutuwar inji, "Pan-pan" ake cewa. Kiran ƙarya babban laifi ne, domin yakan janye masu ceto daga inda ake bukatarsu. Wanda ya ji kiran agaji kuwa, wajibinsa ne ya yi shiru, ya rubuta abin da ya ji, ya kai ɗauki idan yana kusa.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa hukumomin tsaron gaɓar teku suke kafa eriyoyinsu a kan tuddai?