Nazarin Tattalin Arziki: Abin Da Ya Haɗa Masu Fatsa Faɗa Da Gandun Teku

Kamar yadda gwamnati kan shata wani yanki na daji ta mai da shi gandu, ta hana farauta da saran itace a cikinsa, haka nan ƙasashen da ke bakin teku kan shata wani yanki na ruwansu su hana kamun kifi, ko dai na wasu watanni ko kuma har illa ma sha Allahu. Irin wannan wuri shi ne za mu riƙa kira gandun teku a darasinmu na yau. Mai karatu zai zaci manyan kamfanoni masu jiragen taru ne za su fi kowa tayar da jijiyar wuya idan an zo shata gandun. To amma a ƙasashe masu arziki, sau da yawa waɗanda suka fi ɗaga murya su ne masu kamun kifi da fatsa don nishaɗi, mutanen da ba da kifin suke ci da iyali ba. Tun da ruwa ba ya tsami banza, ya kamata mu duba dalili, kuma babu inda al'amarin ya fito fili kamar Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka.

A shekarar 1999 majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar kare halittun teku, wadda ta umarci hukuma ta tsara jerin gandaye a ruwan jihar, wato daga gaɓa zuwa mil 3 cikin teku. Sau biyu ana yunƙurin aiwatar da ita ana fasawa, saboda turjiyar masunta da kuma ƙarancin kuɗi. Sai a 2004, zamanin Gwamna Arnold Schwarzenegger, aka sake ɗaura ɗamara, aka raba gaɓar jihar shiyya-shiyya, aka zaunar da masana da masunta da 'yan rajin kare muhalli a kan teburi guda. Gandayen shiyyar tsakiya sun fara aiki a 2007, na ƙarshe kuwa, wato na shiyyar arewa, a watan Disamba na 2012. Da aka gama, an sami gandaye 124 da suka mamaye kimanin kashi 16 cikin ɗari na ruwan jihar, kuma a wajen kashi 9 cikin ɗari an haramta ɗaukar kome ɗungurungum.

Hujjar masu fatsa ta farko ita ce ta aljihu. Tun 1950 dokar tarayya ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan fatsa, ana raba wa jihohi kuɗin don raya kifi, ga kuma kuɗin lasin da suke biya. Don haka suna ganin su ne suka daɗe suna ɗaukar nauyin kula da ruwan, yau kuma a ce su ne za a kora daga cikinsa. A bayansu akwai masu kantunan ƙugiya da zare, da masu ba da hayar jiragen fita fatsa, da masu masaukin baƙi a garuruwan bakin teku, waɗanda su kam cinikinsu ne ke kan faifai. Wani abin da ya ƙara musu haushi shi ne yadda aka samo kuɗin aikin. Kusan dala miliyan 20 sun fito ne daga gidauniyoyi masu zaman kansu waɗanda aka san ra'ayinsu na kare muhalli, su kuwa masu fatsa suka ce wanda ya biya kuɗin zama ai shi ke da ta cewa. A farkon 2011 ƙungiyoyinsu, ciki har da Coastside Fishing Club, suka maka hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar a kotu, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukumar gaskiya.

Akwai kuma hujjar da suka fi so, wadda a ganina ita ce mafi rauni. Sukan ce mutum guda da ƙugiya guda me zai rage wa teku? Ta fuskar mutum ɗaya gaskiya ne, kuma nan ne tarkon yake. Kifin teku dukiya ce ta kowa da kowa: wanda ka bari yau ba ajiyarka ba ce, na bayanka ne zai kama, saboda haka babu wanda ke da dalilin ragawa. Ɓarnar kowane mutum ƙarama ce ƙwarai, amma idan masu ƙugiyar sun kai miliyoyi sai lissafi ya sauya. Wani bincike da Felicia Coleman da abokan aikinta suka buga a 2004 ya nuna cewa masu nishaɗi sun kama kashi 4 cikin ɗari ne kacal na dukkan kifin tekun da aka fitar a Amurka a 2002. Amma da aka ware jinsunan da ake fargabar ƙarewarsu, sai rabonsu ya tashi zuwa kashi 23, a Mashigin Tekun Meziko ma har kashi 64. Dalili kuwa shi ne mai fatsa ba ya neman ƙananan kifin da jiragen taru ke kwasa tan-tan. Manya yake hari, kuma babbar macen kifi ita ce ke zuba ƙwai mafi yawa. Ko shawarar da sukan kawo, cewa a bar su su kama su saki, ba ta da amfani sosai ga kifin duwatsu na Kalifoniya, wanda wasu jinsunansa kan haura shekara 100 a raye. Idan aka jawo shi daga zurfi, jakar iskar da ke cikinsa kan kumbura, ya kasa komawa ƙasa, ya mutu yana yawo a saman ruwa, sai fa in an yi amfani da na'urar da ke mayar da shi zurfin.

Sai dai kada wannan ya sa mu ɗauka ba su da gaskiya ko kaɗan. Kashi 16 cikin ɗari na faɗin ruwa ba shi ne kashi 16 cikin ɗari na darajar kamu ba. Yawancin ƙasan teku rairayi ne da laka, kifin fatsa kuwa a kan duwatsu da dazukan ciyawar teku yake taruwa, kuma irin waɗannan wurare su ne masana ke son karewa. Ashe ke nan inda mai gandu ya sa ido nan ne mai fatsa ya saba jefa ƙugiya. Idan an rufe, ba ya daina sana'a ko nishaɗinsa. Yakan ƙara mai a jirgi ya tafi nesa, ko ya cusa kansa inda wasu suke, wurin da ya rage a buɗe ya sha matsin da bai saba sha ba. Haka kuma suna nuni da cewa jinsunan kifin duwatsu da suka durƙushe, har gwamnatin tarayya ta ayyana sana'ar cikin bala'i a shekarar 2000, sun farfaɗo ne galibi ta hanyar ƙayyade yawan kamu da zurfin da za a yi shi. Wanda ake kira bokaciyo, misali, an bayyana farfaɗowarsa a 2017. To in wannan magani yana aiki, in ji su, me ya kawo rufe ƙofa har abada?

Amsar masu gandu ita ce ambaliya: kifi ya yawaita ya girma a ciki, sannan ya tsallako iyaka ya faɗa hannun masunta. Wannan ba tatsuniya ba ce. A yankin Santa Barbara, wani bincike na 2021 ya gano cewa duk da an rage wa masu kamun lobsta kashi 35 cikin ɗari na filinsu, abin da suke kamawa ya ƙaru da kashi 225 cikin ɗari bayan shekara 6. Amma misalin da ya fi koyar da mu darasi yana Jihar Fulorida. A 1962 an rufe ruwan da ke kewaye da tsibirin Merritt, ba don kifi ba, sai don tsaron tashar harba kumbo. Daga baya aka lura cewa ana yawan kama kifayen da suka kafa tarihin girma a duniya a dab da wurin. Abin lura shi ne lokacin da aka ɗauka: shekara 9 ga jinsi ɗaya, 27 ga wani, 31 ga na uku.

A nan ne ɗalibin tattalin arziki zai ɗauko alƙalami. Dala 100 da za a ba ka bayan shekara 27, idan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari ne a shekara, darajarta a yau ba ta wuce dala 27 ba. Mai hayar jirgi ɗan shekara 55 da ake bin sa bashin banki, asararsa ta fara ne daga ranar da aka kafa alamar iyaka, kuma ya san adadinta. Ribar kuwa alkawari ce, mai yiwuwa wani ne zai ci bayan ransa. Asarar ta taru a kan mutane kaɗan waɗanda suka san juna, suna da ƙungiya da lauya. Ribar ta warwatsu a kan miliyoyin jama'a, har da waɗanda ba a haifa ba, babu kuma wanda rabonsa ya kai ya sa shi ya bar aikinsa ya je zaman sauraron ra'ayi. Wannan shi ya sa ɗakin taro kan cika da masu adawa ko da shirin zai amfani jiha baki ɗaya. A kwatanta da al'adar Argungu, inda ake hana su a Matan Fada sai ranar biki: can waɗanda suka haƙura su ne ke shiga ruwa da homa da gora su ga sakamako da idonsu, ba su jira shekara 27 ba.

Hanyar da masana tattalin arziki suka saba nunawa ita ce masu cin riba su biya masu asara. Dokar Kalifoniya ba ta tanadi diyya ba. Ƙasar Ostireliya ta tanada, kuma abin da ya same ta ya isa a yi tunani. A ranar 1 ga Yuli, 2004, ta faɗaɗa yankin da aka hana kamu a babban gandunta na duwatsun murjani daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33 cikin ɗari. An fara da kiyasin diyyar dalar Ostireliya miliyan 10. Kafin a rufe littafi kuɗin sun zarce miliyan 200, domin bayan masu jiragen kamu, sai ga masu sarrafa kifi da sauran 'yan kasuwar kan tudu kowa da takardar asararsa. Wasu na ganin an yi sakaci wajen tantance masu neman diyyar, kuma da alamar gaskiya a maganarsu. Duk da haka, ratar da ke tsakanin 10 da 200 ta nuna yadda masu tsara gandu kan raina yawan bakunan da ke ci daga ƙugiya ɗaya.

Batun bai tsaya a can ƙetare ba. A watan Disamba na 2022, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ƙasashen duniya, ciki har da Nijeriya, sun amince a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. Gaɓar tekunmu ta kai kimanin kilomita 853, kuma tun 1992 ƙa'idojin kamun kifin teku suka hana jiragen taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, aka bar wa masu kwalekwale. Duk gandun da za a shata kusa da gaɓa, a cikin wannan rabo nasu zai faɗa. Mai fatsan Kalifoniya da aka kora hutun ƙarshen mako ya rasa, kuma yana da kuɗin ɗaukar lauya. Masuncin Ilaje ko na Boni abincin gidansa na ranar ne, kuma kuɗin ruwan da yake biyan mai ba shi bashin taru ya fi kashi 5 cikin ɗari nesa ba kusa ba.