Fukafukan Kaza da Lemon Kola Irin na Sinawa: Shawarwari ga Uwargida

A gidajen ƙasar Sin akwai wani girki da yara ke rububinsa, ana ce masa kele jichi: fukafukan kaza ne da aka dafa cikin lemon kola har romon ya kama jikinsu yana sheƙi. Sinawa sun daɗe suna dafa nama da sukari da soya sos a kan wuta kaɗan har ya yi ja, salon da suke kira hongshao. Coca-Cola ta koma kasuwarsu a 1979 bayan shekara 30 ba ta nan, kuma a wannan girki ita ce ke tsayawa a madadin sukarin da ruwan gaba ɗaya. Kayan haɗin ba su da tsada, abin da ke ɓata shi wuta ce. Ma'aunin da ke ƙasa na rabin kilo ne.

1. Ki nemi tsakiyar fiffike.
Gaɓar tsakiya, mai siraran ƙasusuwa biyu, ita Sinawa suka fi so, don tana kwanciya sosai a kasko kuma tana nuna bai ɗaya. In cikakken fiffike kika samu, ki raba shi uku a kan gaɓoɓinsa. 'Yan tsinin bakin kuwa kada ki zubar, ki adana su don romon miya.

2. Kazar gidan gona ta fi dacewa.
Namanta na da laushi, fatarta na da kitse, girkin nan kuma duka biyun yake so. In kazar Hausa ce a hannunki, ki fara sulala ta har ta soma laushi, in ba haka ba kolar za ta ƙafe naman bai ko rusuna ba.

3. Ki tsaga kowanne sau biyu.
Ki ja wuƙa a bayansa har ta taɓa ƙashi, ko ki sossoke shi da cokali mai yatsu. Ta nan romo ke shiga. Fiffiken da ba a tsaga ba, zaƙin a fata yake tsayawa, ciki kuwa salam.

4. Ki kashe ƙarni tun daga farko.
Ki zuba fukafukan cikin ruwan sanyi da yankan citta ɗanya, ki ɗora a wuta, da ya tafasa ki kwashe kumfar da ta taso, bayan minti 2 ki tsame. A girkin asali ana sa ruwan Shaoxing, wanda giyar shinkafa ce, saboda haka ki bar shi gaba ɗaya. Ƙarin citta da ɗan matsin lemun tsami sun ishe ki, ba za ki ji wani giɓi ba.

5. Ki tsane su sarai kafin su ga mai.
Jiƙaƙƙiyar fata ba ta soyuwa, sai dai ta yi ta fallatsa miki mai a hannu. Ki goge su da tsumma mai tsabta, ki sa man gyaɗa babban cokali ɗaya kacal, don fatar ma za ta fitar da nata. Ki jera su ba tare da sun hau juna ba, ki ƙyale su minti 3 zuwa 4 kafin ki juya, har kowane gefe ya yi ja; wannan suyar ce ke ba girkin ƙamshin nama, ba don ita ba sai ya tashi da zaƙi kawai.

6. Kola mai sukari, ba wata ba.
Gwangwanin Coca-Cola na 33cl yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato wajen ƙaramin cokali tara, kuma shi ne zai zame miki romo mai yauƙi. Waɗanda aka rubuta wa Zero ko Diet ba su da sukari, sinadarin zaƙi ne a ciki, ba ya kauri kuma zafi na lalata ɗanɗanonsa. Pepsi mai sukari ma ta yi. Ki dai zuba a hankali don tana kumfa in ta haɗu da kasko mai zafi, kuma kada ki ƙara ko ƙwayar sukari.

7. Soya sos ce ke riƙe da girkin.
Iri biyu Sinawa ke amfani da su: mai ruwa-ruwa, wadda gishiri ne aikinta, da baƙa mai kauri, wadda launi ne nata. Ki sa babban cokali 2 na ta farko, ƙaramin cokali 1 na ta biyu. In ba ki sami baƙar ba, babu komai, launin ne kawai zai ɗan yi haske. Gishiri da dunƙule kuma ki dakata da su sai kin ɗanɗana a ƙarshe, domin romon na ƙafewa gishirinsa na ƙara fitowa.

8. Kayan ƙamshi, ki riƙe hannunki.
Citta kamar girman babban yatsa, tafarnuwa ƙwaya 3, lawashin albasa, ɗan guntun kirfa, sai wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro da suke kira bajiao, guda ɗaya tak in kin samu. Kori da tayim ba wurinsu ba ne nan, danne komai za su yi. Ni dai nakan jefa busasshen barkono biyu ko uku, don yaji ne ke hana zaƙin ya gundure ki; mutanen Sichuan da Hunan, da suka shahara da cin yaji, ba za su ga laifinmu ba.

9. Ki rufe, ki rage wuta.
Kolar ta kusa shan kan fukafukan, ba sai ta nutsar da su ba. Da ta tafasa ki rage wuta sosai, ki rufe, ki bar shi minti 15 zuwa 20, ki juya sau ɗaya a tsakiya. Ki tsaga mafi kauri ki duba: in akwai sauran jini a jikin ƙashi, ki ƙara masa lokaci.

10. Minti biyar na ƙarshe, kada ki gusa.
Ki buɗe murfi, ki tsame citta da kirfa, ki ƙara wuta, ki yi ta juyawa. Duk wadda ta taɓa yin alewar madara ta san yadda sukari ke ƙonewa kafin a waiga, kuma in ya yi ƙauri ɗacinsa ba ya gyaruwa. Ki sa ido a kan kumfar: da fari ƙanana ce tana fashewa da sauri, can sai ta koma manya-manya, baƙi-baƙi, tana tashi da nauyi tana fashewa a hankali. Da kin ja cokali a gindin kasko kin ga hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe, ki sauke nan take, don romon zai ƙara kauri in ya huce.

11. Mai girki da gawayi ta shirya tun da wuri.
Gawayi ba ya raguwa da murɗa maɓalli, saboda haka ki janye rabin garwashin kafin ki rufe tukunya. Ki ajiye ruwan zafi kusa. In romon ya nemi kamawa, ki ɗauke kaskon daga wuta, ki zuba cokali biyu, ki juya.

12. Farar shinkafa ce abokiyar tafiyarsa.
Ki barbaɗa soyayyen riɗi da yankakken lawashi, ki kawo da shinkafar da ba ta ji mai ko gishiri ba, da yankan kokwamba a gefe. Mai ciwon sukari a gidan, ki cire masa nasa bayan suya ki dafa da soya sos da citta kawai. Kaskon kuma ki zuba masa ruwan zafi tun kafin ki zauna cin abinci, don sukarin in ya daskare sai kin kankare da ƙarfe.